Muryarsa Ta Rage a Studiyo

"Makararriya..."

Na tsaya cak.

Ina tsaye gaban makirfo, abin sauraro a kunnena, idona a kan allo. Matar da nake ɗora wa murya tana tafe a barandar wani gida da kowa ya gudu ya bari, fitila a hannunta, mijinta yana biye da ita. Bakin mijin a rufe yake. Na rantse da Allah a rufe yake, don kallon bakin mutane shi ne sana'ata. Amma muryar ta sake shigowa kunnena a hankali, kamar mai ita yana jingine da kafaɗata.

"Makararriya... kin makara."

Na fizge abin sauraron na yar a ƙasa.

Ta bayan gilashi Injiniya ya ɗago kai daga kwamfutarsa, ya danna maɓallin magana.

"Lafiya? Kin tsallake layinki."

"Wa ya yi magana yanzu?"

"Mijin mana. Ya ce kada ki buɗe ƙofar nan, ke kuma sai ki ce..."

"Bayan wannan nake nufi."

Ya dubi allonsa, ya dube ni.

"Babu komai bayan wannan. Shiru ne, sai ƙarar takalmi."

Tsakar rana ce fa. A waje motoci suna ta hon, masu shaguna suna ta hayaniyarsu. Amma ɗakin ɗaukar murya bai san rana ba. Ba taga, bango duk soso ne mai ruwan toka, ko na'urar sanyi sai an kashe ta kafin a fara ɗauka don kada ƙararta ta shiga. In aka rufe ƙofar nan mai nauyi, har haɗiyar yawunka kana ji. Na juya na kalli makirfon da ke kusa da nawa. Yana nan a tsayinsa, sama da kaina, babu wanda ya sauke shi tun da mai shi ya tafi.

Aikinmu ɗora murya ne a kan fina-finan ƙasashen waje. Duk abin da Manaja ya sayo, mu ne bakinsa. Na masu rawa da waƙa a cikin ruwan sama, na masu faɗa da takobi a kan rufin gidaje, na 'yan sanda, na likitoci, na yaƙi, na barkwanci, da waɗannan dogayen wasannin da mace za ta yi wata guda tana saukowa daga bene. Ni ce muryar jaruma. Na mutu a dusar ƙanƙara, na haihu a jirgin ruwa, an sace ni ba adadi, duk a cikin wannan ɗakin da bai fi banɗakin gidanmu girma ba.

Shi kuma Dogo shi ne muryar jarumi.

Shi kaɗai yake kirana Makararriya. Farkon zuwana, sai jarumar ta buɗe baki ta kusa rufewa sannan nake shigowa da magana. Kowa ya gaji da ni, shi ko sai ya sunkuyo ya raɗa mini, "Makararriya, an fara babu ke." Haushi kamar in shaƙe shi. Ban san lokacin da haushin ya koma jiran in ji ya faɗa ba.

Mun so juna, ba zan yi wani kwana-kwana ba. Na so shi har ina jin kunyar kaina.

Baba ne ya ƙi.

"Mutumin da yake gaya wa mata iri-iri yana son su a cikin akwatin talabijin, kullum, da murya mai daɗi, ke ta yaya za ki gane ranar da yake nufin abin da ya faɗa?"

"Baba, aiki ne..."

"Abin da nake tsoro ke nan. Ya iya aikin."

Mama ta sa baki, Yayana ya ɗaure fuska, na yi kuka har na gaji, Dogo ya yi ta zarya. Baba ya fara saukowa, har yana amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya. Ana cikin haka saƙon murya ya shigo wayata daga lambarsa. Muna zaune a falo, ni da rawar kaina na kunna a fili, ina murmushi.

"Ki yi haƙuri. Ban taɓa sonki ba. Wasa ne kawai, kuma ya ƙare. Kada ki sake nemana."

Mama ta ajiye abin da ke hannunta. Baba ya dube ni da tausayi, wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na toshe lambarsa a take. Ya zo gida, Yayana ya tare shi a ƙofa, ina jin su ta taga na toshe kunne. Na ɗauki hutu daga aiki, na sauya layin waya. Da na koma studiyo ba ya nan. Manaja ya ce ya yi tafiya, amma yana turo nasa kason daga can. Wato ko numfashi ba ya so mu haɗa a ɗaki ɗaya. Na ce to, Allah ya raka taki gona, na ci gaba da aikina, ina amsa wa muryarsa ta abin sauraro kamar ba ni ba.

Haka muke tafiya har aka kawo wannan fim ɗin na ban tsoro.

"A sake?" in ji Injiniya.

"A sake."

Na ɗauki abin sauraron na mayar a kunne. Aka maido hoton baya. Mijin ya ce kada ki buɗe ƙofar nan, na amsa, aka wuce. Ban ji komai ba. Na ce a raina rashin barci ne, ko kuma fim ɗin ne ya fara shiga kaina.

Washegari ma, rana na takewa, na sake ji.

Rana ta uku ma haka.

Ba ihu, ba razanarwa. Sunan nan kawai, a hankali, a daidai inda bakin kowa yake rufe. Wani lokacin sai in ji kamar iska ta taɓa gefen wuyana ta ɓangaren dogon makirfon, alhali ko fanka babu a ɗakin. Na daina shiga ni kaɗai. Na fara barin ƙofa a ɗan buɗe, Injiniya yana ƙorafin hayaniya tana shiga.

Anti Muguwa ce ta fara lura. Ba sunanta ba ne, ita ce muryar duk wata mayya, uwar miji mai makirci, da tsohuwar budurwar da ke zuba guba a shayi, har sunan ya bi ta, tana amsawa tana dariya. A wannan fim ɗin ita ce abin da ke bayan ƙofar.

"Ƙanwata, kin rame fa," ta ce, tana gyara ɗankwalinta a madubin falon studiyo. "In jarumar ta yi miki nauyi ki huta. Ni ma na iya kuka."

"Na gode, Anti. Kukanki ya fi dacewa da bayan ƙofa."

Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba.

Tsoro ya sa na fara sauraron muryar Dogo da kunnen da na daɗe da rufewa. Da, layinsa na wucewa nake faɗin nawa, ba na bari ya taɓa ni. Yanzu na kasa kunne sosai, ina jiran sunan nan. A nan na ji abin da ya fi sunan tayar mini da tsigar jiki.

Muryar ba ta numfashi.

Dogo yana da wata ɗabi'a. Kafin doguwar magana sai ya ja iska ta hanci, 'yar ƙarama, Injiniya ya sha yi masa tsiya a kai. Wannan muryar kuwa tana magana, tana magana, babu jan iska ko sau ɗaya. Kalma tana ƙarewa wata tana hawa kanta. Kamar mutum yana tafiya babu inuwa.

Muka zo wurin da mijin yake riƙe hannun matarsa a ƙasan bene.

"Ko duniya za ta tashi," in ji muryar, "ba zan bar ki a nan ba."

Na san wannan layin. Ba irinsa ba, shi ɗin. A wani fim ɗin yaƙi ya faɗe shi, soja ne yana ɗauke da ni daga cikin gini mai cin wuta, har ya ɗan sarƙe a kan "tashi" muka yi ta dariya, Manaja ya ce a bar shi haka ya fi kama da gaske. Ga sarƙewar nan, a inda take, ba ta motsa ba.

Na cire abin sauraron a hankali, na fita, na zagaya na tsaya a bayan kujerar Injiniya.

"Buɗe mini layin Dogo in gani."

"Me za ki gani a ciki? Sauti ne."

"Buɗe."

Ya share gumi a goshinsa, ya buɗe. Nawa layin dogo ne, kala ɗaya, daga farko har ƙarshe. Na Dogo kuwa guntu-guntu ne, kala-kala, an jera su kamar tsumman da aka haɗa aka ɗinka. A jikin kowane guntu akwai sunan fim ɗin da aka yanko shi.

"Ba ya turo komai," na ce.

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Tun da ya tafi bai turo ko tari ba. Manaja ya ce masu kallo sun saba da muryarsa, in aka sauya kasuwa za ta faɗi. Muna da shekaru na maganarsa a ajiye. Babu abin da jarumi zai faɗa wanda Dogo bai taɓa faɗa ba. Ni dai nema nake yi in jera."

Sai saƙon muryar nan ya faɗo mini a rai.

"Babu abin da bai taɓa faɗa ba?"

Ya kawar da ido.

"Nemo mini 'ban taɓa sonki ba'."

"Don Allah ki..."

"Nemo."

Bai ma nema ba. Hannunsa ya san inda take. Ya danna, muryar Dogo ta cika ɗakin, a baya ana jin ƙarar na'urar asibiti, wasan likitocin nan ne da ya yi likita mai gudun aure. Ya sake dannawa. "Wasa ne kawai, kuma ya ƙare." Ɗan damfara ne yake gaya wa 'yan sanda. "Kada ki sake nemana." Wani basarake ne a kan doki, yana korar 'yarsa.

Na zauna a ƙasa, a nan kan kafet ɗin da kowa ke takawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: a satin da saƙon ya zo, muryar Dogo a dishe take. Ya yi makonni yana fama, yana yawo da ruwan ɗumi a kofi, yana cewa mura ce. Saƙon kuwa da murya garau ya zo, tas, irin ta da. Ni da nake cin abinci da kunnena, ban tsaya na ji wannan ba. Na ji abin da Baba ya ce zan ji, na yarda.

"Wa ya sa ka?"

"Ta ce wasa ne, za a kunna a yi dariya a falo. Wallahi ban san za ta tura ba. Kin san ba a shiga ɗauka da waya, a kan tebur kowa yake barin tasa. Yana ciki ta ɗauki tasa..."

"Ni ce."

Anti Muguwa tana tsaye a bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa. Ko gezau ba ta yi ba.

"Tun kafin ki san hanyar studiyon nan nake tsaye kusa da shi," ta ce. "Kowane fim, ni ce nake sonsa, ni ce nake mutuwa a ƙarshe, ko in haukace, ko a tafi da ni a motar 'yan sanda. Ke kuma ki zo a makare ki aure shi. Sau ɗaya na so a sauya ƙarshen."

"To ya sauyu, Anti? Kin same shi?"

A nan ne fuskarta ta motsa.

"Ko kallona bai yi ba. Ban san ba shi da lafiya ba, wannan kam Allah ne shaidata."

"Ba shi da lafiya?"

Suka dubi juna, ita da Injiniya. Ashe kowa ya sani a ginin nan sai ni.

"Maƙogwaronsa ne," in ji Injiniya a hankali. "Ba mura ba ce. An yi masa aiki. Yana gidan yayarsa. Shi ya ce kada a gaya miki."

Na miƙe, na ɗauki jakata. Har na kai ƙofa na juyo.

"Ɗayan kuma fa? Wanda kake sa mini a kunne kullum da rana. Tausayina ka ji, ko tsorata ni kake so ka yi?"

"Wanne?"

"Makararriya."

Ya buga sunan a kwamfuta, ya jira. Babu. Ya koma wurin barandar nan, ya faɗaɗa layin har ya cika allon. A daidai inda na ji sunana, zare ne miƙaƙƙe, ko ɗigo babu a kansa.

"Ba ni da wannan kalmar," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Bai taɓa faɗarta makirfo yana kunne ba. A kunnenki yake faɗa."

Ban tsaya jin ƙari ba.

Ban taɓa lura da yawan talabijin da ke kan titi ba sai ranar. Shagon aski, Dogo yana rantsuwa zai rama kisan ƙaninsa. Shagon mai gyaran waya, Dogo yana roƙon wata ta buɗe masa ƙofa. Kantin magani, yana dariya. Wurin masu ɗinki, yana mutuwa, mata sun tsayar da kekunansu suna share hawaye. Ta kowace taga shi ne, yana bina, yana riga ni zuwa kwana. Na toshe kunnuwana da hannu ina sauri kamar mahaukaciya, mutane suna kaucewa.

Yayarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sai yau?"

"Yaya, ki yafe mini. Ban sani ba..."

"Da kin tsaya kin saurara da kin sani." Ta yi ajiyar zuciya, ta matsa gefe. "Shigo. Kada ki yi masa kuka, ya ƙoshi da shi."

Gidan shiru. Irin shirun ɗakin ɗauka, har na ji kunnena yana neman soson bango. A falo talabijin tana kunne babu sauti, wani jarumi yana ta buɗe baki yana rufewa.

"Tun da aka sallamo mu daga asibiti ba ya yarda a ɗaga sautin," ta raɗa mini. "Sun cire ciwon gaba ɗaya har da wurin muryar, rai aka ceto. Likita ya ce nan gaba akwai dabarun da za a koya masa, amma wannan muryar da kika sani ta tafi." Ta nuna mini ƙofar ɗakinsa. "Abin da ke ba ni tsoro, kullum in rana ta take sai ya juya ga bango yana motsa baki. Abu ɗaya yake maimaitawa. Na yi na yi in gane, na kasa."

Daidai lokacin da nake jin sunan nan a studiyo ke nan.

Yana zaune kusa da taga, ya rame, ƙyalle fari a naɗe a wuyansa. Ya juyo. Ya daɗe yana kallona kamar bai yarda da idonsa ba. Sannan leɓɓansa suka motsa.

Shekaru na yi ina kallon bakin mutanen da ban san yarensu ba, ina auna inda leɓe ya haɗu da inda ya rabu. Bakin Dogo kuwa, da harshenmu, ai ko a mafarki na karanta shi.

Makararriya.

"Na'am," na ce. "Na ji ka. Tun ranar farko nake jin ka."

Na durƙusa a gabansa, na manta da gargaɗin Yaya, na yi kukan da ban taɓa yi wa wata jaruma ba. Na gaya masa komai, guntayen, wayar, Anti Muguwa. Ya gyaɗa kai, ya riga ya gane tun tuni. Na ce ya yafe mini. Ya ce babu komai. Na ce, "Rabin raina, ka dawo mini." Sai ya kawar da kai ya kalli taga, don kada in ga bakinsa.

A gida na kunna wa Baba fina-finan nan ɗaya bayan ɗaya, likitan, ɗan damfarar, basaraken. Ya saurara har ƙarshe. Yayana ya fita waje don kunya. Baba ya daɗe yana shafa gemu.

"Mun zalunci yaron nan," ya ce. "Ki ce ya zo."

Ya zo, yayarsa ta rako shi. Suka zauna a falonmu, a inda aka kunna saƙon. Mama tana bakin ƙofar kicin, ta ƙi zama ta ƙi tafiya. Bayan gaisuwa Baba ya ba shi haƙuri, da bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba. Dogo ya ciro waya zai rubuta amsa. Baba ya ɗaga hannu.

"A'a. Waya ce ta kai mu inda muke. Ka dube ni ka faɗa, ita ta faɗa mini. Ba aikinta ke nan ba?"

Na matso, na zauna inda nake ganin fuskarsa.

Leɓɓansa suka fara.

"Ya ce ya gode, Baba. Ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba."

Baba ya gyaɗa kai.

"Ya ce ko shi ne a matsayinka, abin da zai yi ke nan."

Dogo ya ja iska ta hanci, 'yar ƙarama. Na san doguwar magana ce ke tafe. Ya dubi Baba, bai dube ni ba, ya fara. Ga abin da na karanta a bakinsa.

Na zo ne in wanke sunana, ba don in nemi komai ba. Ba ni da murya, ba ni da sana'a. Ba zan iya kiranta daga ɗaki ba, ba zan iya yi wa ɗanta waƙa ba. Ku ba ta wanda zai iya. Na haƙura da ita.

Ya rufe baki. Kowa yana jirana.

Na saita muryata kamar ina gaban makirfo.

"Ya ce yana neman aurena."

Dogo ya juyo a firgice, ya girgiza kai, ya ɗaga hannu.

"Ya ce da wuri, in son samu ne," na ƙara.

Yaya ta rufe baki da mayafi. Baba ya dube ni, ya dube shi, ya sake dubana.

"Ke," ya ce. "Bakinsa ya yi tafiya mai nisa, maganarki ko ƙofa ba ta kai ba. Ko a fim ɗinku in kuka yi haka uwarki tsaki take yi."

"Baba..."

"Yi shiru. Kin yi naki."

Ya jawo kujerarsa gaba har gwiwarsa ta kusa taɓa ta Dogo.

"Ɗana, ban iya karanta baki ba, amma na ga fuskar mutumin da yake sallama da abin da ba ya so ya rabu da shi. Ban tambaye ka ko ka dace da ita ba. Wannan ita ta riga ta yanke, ka ji da kunnenka, har ƙarya ta yi mini a gabana. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ba na son tafinta." Ya nuna ni ba tare da ya kalle ni ba. "Kana sonta?"

Dogo ya runtse ido. Ƙyallen wuyansa yana hawa yana sauka. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a ɗakin ɗauka, don na san taurin kansa, na san zai iya cewa a'a don kawai ya cece ni daga kansa, kuma wannan karon ba ni da damar gyara masa.

Ya buɗe ido. Ya dube ni.

Leɓɓansa suka motsa, gajeriyar magana, babu ko ɗigon sauti.

Baba ya jingina da kujera, ya cire tabarau yana goge ido.

"Wannan kam ko ni na karanta," ya ce. "Ka turo manyanka."

Mama ta fashe da kuka a bakin kicin, Yaya ta tashi ta rungume ta. Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, hawaye suna ɗiga a kan gwiwarsa, yana ta faɗin wani abu a ƙasa inda ba mai gani.

Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, daidai inda zan riƙa ganin bakinsa.